Dabinon Ƙuba, Farcen Yanbu

A Harra ta Gabas, cikin birnin Madina, aka haife ni, unguwar da ƙasarta baƙin dutse ce zalla, wadda in ka yi tuntuɓe ba a ce maka sannu, sai dai a taya ka ƙirga yatsun da suka rage. Har na tsayar da gemu, ruwa mafi girma da na taɓa tsoma jikina a ciki shi ne na bahon wankin Inna. Teku kuwa nakan hango shi daga nesa a hanyar Makka, wani shuɗin zare a gindin sama, in ce masa daga nan ma na gode. Abokan hira suna cewa in na ga kyanwa sai in dawo da labarin zaki. Ban musa ba. Amma wannan karon zakin na gani, kuma duk gishirin da zan zuba ba zai kamo shi ba.

Inna, mahaifiyata, turare take haɗawa, humra da turaren wuta. Daga Anbariyya har Ƙuba, amaryar da aka kai ba da ƙamshin hannunta ba, 'yan'uwanmu sukan ce an dai kai ta ne kawai. Jigon aikinta kuwa farce ne. Wanda bai sani ba, farce wani ɗan ɓawo ne mai launin ƙasa-ƙasa, kamar na babban yatsan mutum, shi ne ƙyauren da dodon koɗin teku ke rufe gidansa da shi. Ɗanyensa warinsa kan kori baƙo. Amma in ta jiƙa shi, ta kankare, ta soya shi cikin yashi ta daka, shi ke riƙe ƙamshi a jikin zane har zanen ya tsufa ya koma tsumma.

Farcen Inna ba na kasuwa ba ne, yana da asali. Lokacin da ita da Baba suka ƙetaro daga Sudan cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska, an sauke su a wani ƙauyen masunta kusa da Yanbu, Inna tana fama da zazzaɓin da ya kusa tafiya da ita. Wani mai nutso da matarsa suka ɗauke su, ba dangin iya ba na baba, ba ma yare ɗaya ba, suka yi jinyarta har ta miƙe. Ranar rabuwa matar ta damƙa mata farce cikin tsumma. Da Baba ya sami aiki a wata gonar dabino a Ƙuba, kason farko da aka ba shi ya ɗinke buhu ya aika bakin ruwa. Tun daga nan abin ya zama ka'ida: in an sauke dabino buhu ya gangara, ƙullin farce ya hauro. Baba ya rasu, mai gonar bai daina ware mana kaso ba. Matar mai nutso ta rasu, mijin bai daina aikowa ba. Inna da tsohon nan ba su sake ganin juna ba tun ranar farko, amma ba ta kiransa da komai sai "ɗan'uwana na bakin ruwa".

A shekarun da aka fara gina manyan masana'antu a gefen Yanbu ne buhu ya dawo. Mai motar kifi, wanda ya saba kai mana saƙon, ya sauke shi a ƙofar gida. Ɗinkin da Inna ta yi da hannunta ko zare ɗaya ba a taɓa ba.

"Hajiya, ya ce a gaishe ki. Ya ce bana ba shi da abin ba ki, don haka ba zai karɓa ba."

"Ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa ƙalau, ya fi ni."

Inna ta daɗe tana kallon buhun. Ƙanwata, wadda ke jin Hausa amma bakinta ya fi saba wa Larabci, ta ce, "Halas ya Ummi, shi ke nan, zamani ne, kowa da abin da ya dame shi." Inna ba ta ko dube ta ba. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, sai ta kira ni da motata, wanet, irin wadda mutanen Kano ke ce wa a-kori-kura.

"Kai, mai wanet."

"Na'am, Inna."

"Gobe ka mayar da buhun nan."

"Inna, farce fa ga shi can jibge a kasuwa, na Sudan, na Yaman. In kina so in ciko miki bayan mota har ta kasa tashi."

"Na ce maka farce nake nema? Kyautar da ta dawo gida, mutuwa ta fi ta sauƙi, ita ko ba komai a yi ta'aziyya a watse. Kada ka dawo min da shi. Kada kuma ka jingine masa a ƙofa ka gudu, na san halinka. Da hannunsa zai warware ɗinkin nan."

Washegari bayan asuba na bi ta Anbariyya na kama hanya. Wanet ɗina tsohuwa ce, duk jikinta yana ƙara ban da hon. A hawan duwatsu sai na riƙa lallashinta kamar amarya, ina yi mata alkawarin sabon mai. Da muka wuce Badar ƙasa ta baje, iska ta yi nauyi ta fara ɗanɗanon gishiri, rigata ta manne min kamar tana bina bashi. Na yi ta tambaya har na isa ƙauyen: bukkokin katako da kwano, kwalekwale a kife a kan yashi kamar an yi musu laifi.

Tsohon yana zaune a inuwar bukkarsa. Siriri ne, rana ta gasa shi har ya kusa kamo mu baƙi, idanunsa jawur saboda gishiri, amma ƙirjinsa faffaɗa kamar na wani mutum aka aro aka ɗora masa. Sai ka ɗaga murya yake ji. Na yi sallama, ya dube ni, ya dubi buhun a bayan mota.

"Ɗan 'yar'uwata ne. Goshin ubanka ka ɗauko. Shigo, ya waladi, ɗana. Wancan kuma ya tsaya inda yake."

An yi min shinkafa da kifi da soyayyar albasa, na ci har na nemi gafarar cikina. Da rana ta yi sanyi ya ce in zo in gani. Muka taka zuwa bayan ƙauye. Wani kamfani ya ja shingen waya tun daga tudu har bakin ruwa, bai tsaya nan ba ya shiga cikin tekun kansa a kan turaku, can gaba kuma wasu jajayen ganguna suna lilo a kan ruwa. An kafa allo an rubuta mamnu'i, wato an hana shiga, da manyan baƙaƙe, yadda ko kifi zai iya karantawa. A ciki motoci suna ta juye duwatsu cikin teku.

"Ka ga inda ruwan ya yi kore, bayan na'urar can mai dogon wuya?" in ji shi. "Nan ce gonarmu. Nan kakana ya koya wa babana riƙe numfashi, nan babana ya koya min. Duk farcen da ya taɓa shiga gidanku daga nan ya fito."

"Ammi," na ce, wato baffa da Larabci, "ba ka je ka yi musu bayani ba?"

"Na je. Yaron da na tarar mai ladabi ne, har shayi ya ba ni. Ya buɗe taswira, na duba, wurin duk shuɗi ne, babu ko ɗigo. Ya ce ina takardar mallaka. Na nuna masa kunnuwana, na ce ga su nan, a can suka fashe. Ya ce ya yarda da ni, amma ba a sa kunne a fayil."

Bai faɗa da ɗaci ba. 'Ya'yansa biyu ma a cikin shingen suke aiki, da hular kwano a ka, albashinsu ne ya kawo firji ƙauyen. Sun ce za su sayo masa farce a kasuwar Yanbu ya aika. Ya ce Inna za ta gane, in ma ba ta gane ba shi ya sani.

Nan na yi irin wautar da sai ɗan tudu ke yi. Na buɗe hannuwa na nuna masa ruwan, dama da hagu, har inda ido ya ƙare.

"Ammi, wannan fa ruwa ne har Sudan. Abin da suka kewaye bai kai tafin hannu ba. Ka matsa gaba kaɗan mana, ka yi nutsonka."

Ya dube ni kamar na ce ya yi salla ba alwala.

"A Ƙuba, in an sare gonar mutum, sai ya ɗauki igiyarsa ya hau dabinon maƙwabci?"

Ya riƙe kafaɗata ya juya ni. Ya ce in daidaita kan dutsen can mai tsaga da hasumiyar masallacin ƙauye, duk ruwan da ke hagu da wannan layi na gidan wane ne. In daidaita wancan tsibirin yashi da bakin kwari, daga nan zuwa can na zuriyar wane ne, gadon uwa suka ci. Ya yi ta lissafo su, kowace gona da sunanta, da gidan da ke shigarta, da wanda ya nutse a cikinta bai fito ba. Ni ina kallon ruwa ɗaya shimfiɗe ba tabo, shi yana kallon unguwanni da lunguna da katangu, kamar yadda zan zana maka Harra ido rufe. Ashe gari guda ne a gabana, ni ne ban iya karatunsa ba.

To, ga ni tsakanin tsofaffi biyu. Gaba ba a karɓa, baya ba a mayarwa. Na share wuri na zauna. Kwanaki suka fara tafiya, dabino a bayan mota yana shan rana yana zubar da zuma ta gindin buhu. Tururuwar gaɓar nan kaf, har da wadda ta yi ritaya, ta ɗauro niyya ta zo ziyara wanet ɗina. Nakan kore ta da safe, ta dawo da dangin miji da yamma.

Wata rana muna cin abinci na ce, "Ammi, ni fa yanzu ba ni da gida. In na koma da buhun nan, Inna za ta sa a yi min salatul ga'ib ina tsaye. Don haka na zama ɗan gida. Ka dai ga yadda nake ci. Kafin wata ya mutu sai kun sayar da firjin nan."

Ya yi dariya har haƙoransa uku suka bayyana. Sannan ya tambaye ni:

"Ta tsufa?"

"Ta tsufa, amma harshen yana nan da ƙuruciyarsa."

"Kafin matata ta rasu ta ce min, duk shekarar da ban aika ba, ta san na manta da ita." Ya goge hannunsa.

Da safe na gan shi cikin farar riga wankakkiya, ya naɗa rawani. Ya ce, "Tayar da akwalar nan taka."

A hanya ya gaya min inda za mu. Can ƙasa da gaɓa akwai wani tsoho da gonarsa ta tsira daga shinge. Iyayensu sun yi rigima a kan wani dutsen iyaka a ƙarƙashin ruwa, tun daga nan gidajen biyu ba sa haɗuwa sai a jana'iza. A tarihin gidansu kuma ba a taɓa jin wanda ya roƙi shiga ruwan wani ba.

Mun tarar da mutumin a rumfarsa, ƙato mai tumbi, muryarsa kamar injin jirgi.

"Ashe kana raye? An ce min sun zuba maka siminti tare da gonarka."

"Sun so, suka tarar na fi simintin tauri. Kai kuma na ga tumbin ya riga ka fitowa gaisuwa."

"Wannan dogon fa?"

"Ɗan 'yar'uwata ne daga Madina."

"Madina ta yi albarka. Ku zauna."

Aka zuba gahawa. Ni da ƙishin hanya na kurɓe tawa na miƙa a ƙara, na sake miƙawa. Sai da na ɗago na lura rumfar ta yi tsit. Tsohona ya karɓi finjalinsa ya ajiye a kan tabarma, bai kai baki ba. A wurinsu wannan magana ce: baƙo ya zo da buƙata, ba zai sha ba sai an ji ta. Na ajiye nawa finjalin a hankali, duk da babu komai a ciki.

Mai gida ya daɗe yana kallon ɗan kofin nan.

"Sha gahawarka."

"Da zafi."

"Tun ina yaro nake jiran ranar da wani daga gidanku zai ajiye finjali a tabarmata. Yau ga ta, kuma ba ta yi daɗin da na zata ba. Faɗi."

"Safiya ɗaya a ruwanka. Ba don ciki ba. Akwai 'yar'uwa a Madina da nake aika wa farce."

"Hajiyar nan mai dabino? Wadda labarin buhunta ke iso ni kowace shekara, ba a taɓa ce min bismilla ba?" Ya sosa tumbi. "A kwalekwalena za a shiga, ni ke tuƙi. Nama nawa, farce naka. Wanda na ce a mayar, a mayar."

"Na san abin da ake mayarwa tun kafin ka san hanyar bakinka."

"To sha gahawar, ta huce tana jiran girman kanka."

Tsohona ya ɗauka ya sha.

Washegari da hantsi muka shiga ruwa. Kwalekwalen ɗan siriri ne, an fafe shi daga gungume ɗaya, da na sa ƙafa ya yi wani lilo na tuna duk wanda na taɓa ɓata wa rai. Mai gida ya ce in zauna a tsakiya kamar buhu, kada in yi tari sai da izini. Da muka yi nisa ya miƙo min wani gwangwanin man girki da aka cire wa gindi aka liƙa gilashi. Suna ce masa miraya, wato madubi. Ya ce in danna shi a kan ruwa in leƙa.

Na leƙa. Bakin nan nawa da ba ya hutawa ko a barci, ya mutu.

Ashe murjanin da mata ke ratayawa a wuya, a can ƙasa daji ne. Wani kamar bishiya mai rassa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwar rago da aka ajiye a kan yashi. Kifaye suna yawo a tsakani da launukan da ban taɓa gani a shagon atamfa ba, wani rabi rawaya rabi shuɗi kamar tela ya haɗa ragowar yadi. Wani mai bakin aku yana gatsar dutse, ina jin ƙarar ta cikin katakon da nake zaune. Ga wata ƙatuwar kumba mai shuɗin leɓe, tana buɗewa tana rufewa a hankali kamar mai jan carbi. Hasken rana ya sauka ya zama raga yana rawa a kan komai. Duk wannan ado an yi shi an rufe da ruwa, ba don wani ɗan Harra ya gani ba. Da ban zo ba ma haka zai ci gaba da kasancewa, kamar yadda yake tun kafin a haifi kakan kakana. Ban san lokacin da na fara tasbihi ba.

Muka wuce dajin murjani muka iso wani fili mai ciyawa. Nan dodon koɗin ke kiwo kamar tumaki, kowanne ya kai dunƙulen hannu, wani ya fi. Na ga ɗaya ya fito da ƙafarsa, ya kafa farcen nan a yashi kamar mai tura jirgi da gora, ya yi tsalle gaba. Abin da na taso ina gani a turmin Inna, ashe sandar tafiyar wani bawan Allah ce.

Tsohona ya tuɓe rigarsa ya rage gajeren zane. Ya ɗebi ruwan da hannu ya shafa a fuska, ya yi bismilla, sannan ya yi wa wurin sallama a hankali, irin ta baƙon da ya tsaya a zauren wani. Ya zame cikin ruwa, ko ɗigo bai fantsamo ba.

A tudu mutumin nan sai ya dafa bango yake miƙewa. A ƙarƙashin ruwa na ga saurayi. Ya miƙe sambal kamar mashi, ya sauka ba gaggawa, ya kwanta a kan ciyawar kamar mai duba shuka. Na ce bari in riƙe numfashi tare da shi. Na riƙe har idona ya fara ganin taurari, na saki, na sake ja, na sake saki. Yana can. Na fara tunanin yadda zan yi wa 'ya'yansa bayani, na tsara ta'aziyyar, na gyara ta, yana can yana zaɓe kamar mace a kasuwar tumatir. Sai ga shi ya taso a natse, ya zuba uku cikin kwalekwale, ya ja iska sau biyu ya koma.

Na lura ba kowanne yake ɗauka ba. Yakan shafa leɓen ɓawon da babban yatsa. Mai kaurin leɓe ya girma ya hayayyafa, shi ake ɗauka. Mai siririn leɓe yaro ne, sai ya mayar da shi daidai gurbinsa, baki a ƙasa, yadda ya same shi. In ya tarar da biyu a manne, sai ya kewaye su kamar wanda ya shigo ɗaki bai yi sallama ba.

Mai gida ya karɓi mirayar daga hannuna, ya daɗe a sunkuye. Ina jiran ya ce a mayar da wani, bai ce ba. Can ya yi magana, muryar injin nan ta koma ƙasa-ƙasa.

"Haka ubansa ke juyawa a ƙasa. Na taɓa ganinsa ina yaro, daga kan iyaka. Ban gaya wa babana ya burge ni ba, da na sha duka."

Rana ba ta kai tsaka ba tsohon ya kama gefen kwalekwale ya ce a ja shi. Ƙasa kuwa ga su nan birjik.

Mai gida ya ce, "Ka gaji ke nan? Ƙara mana, ban ƙirga ba."

"Na Hajiya ya isa."

A bakin gaɓa matan gidan suka tafasa su cikin rabin ganga, suka zaro naman suka jera a zare don shanya, suka yanke farcen da 'yar wuƙa. Warin da ya tashi, ƙudajen Yanbu ma sai da suka nemi uzuri. Da aka gama aka wanke aka baza a rana, aikin safiyar nan duka, da numfashin tsoho da girman kansa da ya ajiye a tabarma, bai wuce cikin tafi biyu ba. Na tuna yadda muna yara muke satar farcen Inna muna wasan 'yar carafke da shi, na ji kunya ta rufe ni.

Tsohona ya yage gefen tsohon rawaninsa ya ƙulle farcen, ya miƙo min da hannu biyu. Sannan ya ce, "Sauko da buhun."

Na sauko da shi, ni da tururuwar da ta ƙi sauka. Ya tsuguna ya kama bakin zaren. Bai yanke ba, ya bi ɗinkin Inna yana warwarewa ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe zaren a yatsa. Ya ɗauki dabino ɗaya ya hure, ya sa a baki. Da haƙora uku abin ya ɗauki lokaci kafin ya fitar da ƙwallon.

"Ka gaya mata na ci," in ji shi. "Ka kuma gaya mata baɗi kada ta aiko. Ba a ajiye finjali sau biyu."

Wannan saƙon ya fi buhun nauyi.

Mai gida, wanda tuni ya cika baki da dabino ba tare da an ce masa bismilla ba, ya haɗiye da ƙyar.

"Wa ya tambaye ka? Ya waladi, kada ka saurari wannan ƙashin kifin. Ka gaya wa Hajiya akwai wani tsoho a nan da ba abin da ke masa magani sai dabinon Madina. Tumbin nan ya daina nutsewa, in na shiga ruwa sai ya taso da ni kamar tulu. 'Ya'yana sun tafi sa hular kwano. Gona kuwa in ba a shigarta mantawa take da mutane. Wannan zai riƙa zuwa yana min aiki. Ba roƙo ba ne, aiki ne, ni na neme shi."

"Aiki? A kwalekwalen nan mai yoyo?"

"Ka zo da gwangwanin kwalfa."

Tsohona bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya zaɓi wani dabino mai laushi ya miƙa masa, ya ce, "Ci wannan, wancan da ka haɗiye da tururuwa a ciki."

Na iso gida bayan la'asar, Inna tana kan tabarma a tsakar gida. Ta dubi bayan wanet ta ga wayam, sannan ta dube ni. Na durƙusa na miƙa mata ƙullin. Ta kwance, ta ɗauki ɗaya ta kankare gefensa, ta ɗora a kan garwashin kasko, ta rufe ido.

"Hannunsa ne," ta ce. "Amma ba wurinsa ba ne."

Na ba ta labari tun daga shinge har finjali. Na so in ƙara wa shingen tsawo da tsohon daɗewa a ruwa, na ga ba su buƙata. Ta saurara ba ta katse ni ba, abin da bai taɓa faruwa ba.

"Da hannunsa ya warware?"

"Da hannunsa, Inna. Ko yankewa bai yi ba."

"Ya ci a gabanka?"

"Ya ci."

Ta goge ido da gefen mayafi ta ce hayaƙi ne. Ta ƙwala wa ƙanwata kira ta kawo ruwa a jiƙa farce. Har na miƙe zan tafi in yi wanka ta tsayar da ni.

"Kai, mai wanet. Ka gaya wa mai gona tun yanzu, baɗi buhu biyu ne. Amma na mai tumbin kada a cika shi sosai, kar ya ɗauka shi ne ɗan'uwan."